Bogar da ta ƙi ruɓewa da dafa-dukan da ke cikin kula



Kusan duk mai waya a cikinmu ya ga hoton nan ko bidiyonsa a WhatsApp ko Facebook. Boga ce, wato burodin nan na Turawa da ake tsagawa a sa faifan niƙaƙƙen nama a tsakiya, ga soyayyen dankali a gefenta, an ce sun yi shekara goma ko fiye a ajiye amma ko fumfuna ba su yi ba. A ƙarƙashi sai a rubuta gargaɗi: abin da ƙuda da tsutsa suka ƙi, kai ma ka guje shi, cike yake da sinadarai. Wasu har cewa suke yi irin maganin da ake yi wa gawa ne aka zuba. Iyayenmu na zumuntar mata sukan turo mana shi da zuciya ɗaya, domin sun san mu ne masu zuwa birni makaranta da neman aiki, mu ne masu sayen abincin kan hanya.

Bogar dai akwai ta. A ƙarshen watan Oktoba na 2009 kamfanin McDonald's ya rufe shagunansa a ƙasar Aislan, can arewacin Turai, bayan tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Wani mutum mai suna Hjortur Smarason ya sayi boga da dankali kafin a rufe, ya ajiye a garejinsa wajen shekara uku, ya duba ya ga suna nan kamar yadda ya bar su, sai ya kai gidan tarihi na ƙasar. A 2019, da suka cika shekara goma, suna cikin gilashi a wani masauki mutane na zuwa kallo. A jihar Utah ta Amurka ma akwai David Whipple da tasa bogar tun 1999.

Dalilin da ake bayarwa ne ba daidai ba. A 2010 wani marubucin harkar girki a Amurka, J. Kenji López-Alt, ya yi abin da masu tura hoton ba su yi ba. Ya niƙa nama da hannunsa a gida, bai zuba masa komai na hana lalacewa ba, ya yi boga daidai girman ta kamfani, ya ajiye su tare a buɗe. Ta gidan ma ba ta ruɓe ba. Da ya gwada manya masu kauri, na kamfani da na gida duk sun yi fumfuna. Da ya ƙulle ƙananan a leda, su ma duk suka yi fumfuna. Ashe ƙaramar boga siririya ce, an gasa ta ruwan jikinta ya ragu, ga gishiri, to in aka bar ta iska na bugunta sai ta bushe kafin fumfuna ta samu wurin kamawa. Mai kauri kuwa tana daɗewa da danshi a cikinta, ta cikin leda kuma ruwanta ba shi da hanyar fita.

Mu da muka taso a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ai wannan ba sabon ilimi ba ne. Kilishi muke kallo a gilashi. Mai kilishi yana yanka nama fale-fale kamar takarda, ya shanya a rana, ya tsoma a kwaɓin tunkuza da kayan yaji da gishiri, ya sake shanyawa, sannan ya nuna masa wuta. Naman da zai yi wari a kwana ɗaya sai ya yi watanni. Ba wanda ya taɓa cewa an yi wa kilishi maganin gawa. Haka kifin Tiga in an yi bandarsa, haka ƙuli-ƙuli, haka busasshiyar kuɓewa da kuka da kauɗar tumatir, haka ƙanzon da kakanninmu ke kankarowa daga gindin tukunya su shanya a kan rufin ɗaki su adana don ranar babu. Abu ɗaya suke yi dukansu: suna raba abinci da ruwansa. Ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci masu rai ne, suna bukatar ruwa da ɗumi da abin ci kamar mu. Yawancin ƙwayoyin cuta sukan daina yaɗuwa da zarar abinci ya fara bushewa sosai. Fumfuna ta fi su jure fari, amma ita ma akwai bushewar da ba ta iya rayuwa a ciki. Gishiri da sukari kuma suna riƙe ɗan ruwan da ya rage, su hana ƙwayoyin amfani da shi.

Wanda ke so ya gani da idonsa, gwajin ba ya cin kuɗi. A raba gurasa biyu, a ɗora rabi a kan taga, a ƙulle rabi a leda. In da hunturu ne, ta kan taga kafin kwana biyu ta zama kamar katako, kuma haka za ta zauna har a gaji da ita. Ta cikin leda za ta yi gumi, bayan 'yan kwanaki kore da baƙi su fito. In kuwa a watan Agusta ne, musamman wajen Riruwai da bakin dajin Falgore inda ruwa ya fi sauka, ko ta kan tagar ma sai an yi sa'a, domin iskar kanta jiƙe take. Gurasa ɗaya ce, mai gurasa ɗaya ne, yanayi ne ya bambanta.

Ba cewa muke yi babu sinadari a abincin kamfani ba. Ana sa wa burodin leda da yawa abin da ke jinkirta fumfuna, amma aikinsa na kwanaki ne, ba na shekaru ba. Shi kuwa bromet ɗin da ake yawan ambata, wanda hukumar NAFDAC ta haramta a burodi tun zamanin Dora Akunyili, ba don hana lalacewa ake sa shi ba, don burodi ya kumbura ya yi kyan gani ne, illarsa kuma daban ce. Ba kuma cewa muke yi boga abincin lafiya ce ba. Mai da gishirin da ke cikinta sun isa dalilin rage ta. Amma fa a duk Najeriya babu shagon McDonald's ko ɗaya. Tsoron da hoton ke sa mana tsoron abin da ba ya gabanmu ne.

Abin da ke gabanmu, duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora yana jiran motar Tudun Wada ko ta Doguwa ya san shi: ƙosai, awara, waina, tsire, alale, dafaffen ƙwai, taliya da Indomie na mai shayi, shinkafa da wake a roba. Wannan ne namu abincin gaggawar, kuma ban da tsiren da ya gasu sosai, kusan dukansa mai danshi ne. Masu sayar da shi iyayenmu ne da yayyenmu, da shi ake biya wa da yawanmu kuɗin makaranta, kuma ƙosan da aka tsamo daga tafasasshen mai a gabanka yana cikin abinci mafi aminci da za ka samu a kan hanya. Matsalar tana farawa ne bayan an sauke: awarar safe da ta kai la'asar a cikin bokitin roba mai murfi, kwantan jiya da aka haɗa da na yau, alalen da muka saya a tasha muka cusa a jaka muka manta da shi sai dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abinci tsakanin maki 5 da maki 60 a ma'aunin Salsiyas, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a zafin ɗaki. Sai dai ɗakin da masu irin wannan lissafi suka saba da shi bai cika wuce maki 20 da 'yan kai ba. Namu ɗakin na kwano, a watan Afrilu da rana tsaka, yakan doshi maki 40, kusan zafin jikin mutum, wanda shi ne ƙwayoyin suka fi so. Shi ya sa ma'aikatar noma ta Amurka ta ce in zafi ya haura maki 32, awa ɗaya ce kawai. A irin wannan ɗumi wasu ƙwayoyin suna ninka kansu duk minti 20. A lissafa a gani: ƙwaya ɗaya tak, a awa 7, ta haura miliyan 2.

Wurin da ya fi ba mu tsoro shi ne hanci ba ya kama wannan. Ƙwayoyin da ke sa abinci tsami da yauƙi da wari daban ne da yawancin masu kwantar da mutum. Abinci zai iya yin kyau a ido, ya yi ƙamshi, ya yi daɗi a baki, alhali ya riga ya zama guba. Shinkafa ce babban misali, ga shi mu mutanen shinkafa ne, Tudun Wada ma da ita aka san ta. Akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Bacillus cereus, tana cikin ƙasa, tana zuwa da ɗanyar shinkafa, kuma tana da wani irin ƙoƙo da take ɓuya a ciki wanda dahuwa ba ta kashewa. In shinkafar ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi, sai ta farka ta yaɗu ta saki dafi. Wannan dafin ba ya mutuwa da ɗumame. Wanda ya ci, cikin awa ɗaya zuwa shida amai ya kama shi. Akwai kuma wata da ke zaune a fata da hancin mutane masu lafiya ƙalau, tana shiga abinci ta hannun mai rabawa, ita ma dafinta yana jure wuta. Ɗumamen tuwo da aka tafasa cikin miya har ya yi zafi ciki da waje yana kashe ƙwayoyi da yawa, iyayenmu ba su yi kuskure ba a nan, amma ba kowane dafi yake karyawa ba.

A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 na mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin. Babba in amai da gudawa suka kama shi yakan ce maleriya ce ko taifod, ya sha magani ya tashi. Yaro ɗan shekara biyu kuwa ruwan jikinsa kan ƙare a dare ɗaya, ga asibiti da nisa, ga hanyar ƙauye da damina.

Dalilin da ya sa muka kawo maganar nan a zumunta shi ne, mu matasa ne ke ɗaukar kula. In Kirsimeti ne, ko Ista, ko biki, ko babban taron ikilisiyoyi, iyayenmu mata sukan ɗora tukunya tun asuba. Kafin ƙarfe takwas dafa-duka ta sauka, an juye a kula, wani an riga an ƙulle a leda ko an zuba a robobi. Sujada ta fara ƙarfe tara, ga waƙoƙi rukuni-rukuni, ga baiko, ga sanarwa, ga gaisuwar baƙi, Baba Fasto bai sa albarka ba sai wajen ƙarfe biyu. Babbar kula cike taf da ba a buɗe ba takan riƙe zafi na wasu awoyi. Wadda aka ɗiba rabi, da ƙananan robobi da ledoji, su ne ke saurin saukowa cikin ɗumin nan mai haɗari. Daga nan kuma kowace uwa ta ƙulla ragowa a jaka don yaran da aka bari a gida, su ci da dare, wani lokaci har da safe.

Mun san nauyin zubar da abinci a wurinmu. An raine mu da cewa almubazzaranci zunubi ne, kuma mun karanta a Yohanna sura 6 yadda aka tattara gutsattsarin da suka rage har kwando goma sha biyu don kada a yi asara. Wanda ya yi noma ya san abin da mudu ɗaya ya ci kafin ya shiga tukunya. Amma a Fitowa sura 16 ma mun karanta abin da ya faru da waɗanda suka ajiye manna ta kwana: da safe ta yi tsutsa ta yi wari. Su dai an nuna musu a fili. Tamu shinkafar ba ta yin tsutsa a dare ɗaya, ba ta kuma yin wari, shi ya sa uwa ke miƙa wa ɗanta ita da hannu biyu.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba, kuma yawancinsa tsari ne, ba kuɗi ba. Kwamitin abinci ya zauna da masu jagorar sujada tun kafin ranar, a san lokacin da za a ci, a ja lokacin sauke tukunya kusa da shi. In taro zai yi tsawo, gara a raba abinci a tsakiya a koma. Kada a ƙulle a leda tun safe, a bar shi a manyan kuloli a rufe sai lokacin rabo, masu rabawa kuma su wanke hannu da sabulu su yi amfani da ludayi. Yara da masu ciki da tsofaffi su fara ci, tun yana tururi. Ragowar da za a kai gida a raba ta nan take don a ci a ranar, kada a ɗora fata a kan firij a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama. Abin da za a ba baƙi na nesa su tafi da shi, irin waɗanda za su ratsa Falgore zuwa Saminaka ko Jos, ya zama mai bushewa: cincin, ƙuli-ƙuli, dambun nama da ya soyu sosai, soyayyar gyaɗa. Dafa-duka da alale da miyar nama da suka wuni a ɗumi tun safe, a zubar, a kuma rage mudun da za a auna a taro na gaba.

In kuma an samu yaro da amai ko gudawa bayan taro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti tun a gida, kurɓi-kurɓi, a ci gaba da ba shi nono in yana sha. In ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko ya daina fitsari, ko an ga jini a bayan gida, a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Sannan a sanar da shugabannin zumunta, domin in gida uku suka kawo ƙara iri ɗaya, kula ɗaya suka ci, kuma wataƙila akwai sauranta a wasu gidajen ba a ci ba tukuna.