Abin da Tsohon Ƙarfe Zai Iya Ɗauka

A watan Nuwamba na 2014, ma'aikatan gandun dajin Great Basin da ke jihar Nebada a Amurka suka tsinci wata bindiga jingine da bishiya. Winchester ce samfurin 1873, lambar jikinta kuma ta nuna an ƙera ta a 1882. Rana da ƙanƙara sun cinye launin ƙotarta, tsatsa ta rufe ƙarfen har ya saje da ɓawon bishiyar. Aka kai ta gidan tarihin bindigogi na garin Kodi a jihar Wayomin. Masanan can ba su kankare ta ba, ba su sake mata launi ba. Sun tsayar da lalacewar a inda ta kai, suka mayar da ita da kamannin da aka tsince ta.

Wannan labari muka riƙe lokacin da 'yar'uwarta ta shigo hannunmu. Mu biyu ne, wa da ƙane, neman abinci ya kawo mu Teksas. A gwanjon kayan gado na wani gidan gona muka saye ta. Dokar tarayya a nan tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, tamu kuwa ta girmi wannan shekara. Littattafan masana'antar Winchester suna ajiye a Kodi, don haka muka aika musu da lambarta. Takardar da ta dawo ta ce a 1889 ta bar masana'antar da ke jihar Konetikat, hancinta mai kusurwa takwas, tsawonsa inci 24.

Ga wanda bai taɓa riƙe irinta ba: a ƙarƙashin kunamar akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da yatsu uku ke shiga, shi ne liba. In ka tura shi ƙasa, kwanson da aka harba zai yi tsalle ya fita ta sama, wani ɗan akwatin tagulla ya ɗago sabon harsashi daga dogon bututun da ke kwance ƙarƙashin hancin. In ka dawo da shi, harsashin ya shige mazauninsa. Bututun yana cin harsashi 15. Abin da ke tokare harsashin lokacin da albarushi ya tashi wasu ƙarafa ne masu gaɓa kamar gwiwar mutum: in sun miƙe sun kulle, in sun lanƙwashe sun buɗe. Nan dabarar bindigar take, nan kuma rauninta yake.

Duk wanda ya gan ta a ranar farko shawara ɗaya yake bayarwa: a sa sanfefa a ƙotar, a kai ƙarfen a sake rina shi baƙi, ta dawo sabuwa fil. A gida wannan muke kira gyaran gangar Abzinawa. Muka fara kai ta wurin wani dattijon maƙerin bindigogi, ya auna gwiwoyin nan, ya leƙa cikin hancin da fitila, ya ce za ta harbu muddin ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba. Sai muka koma gida muka jiƙa sukurorinta da mai har mako biyu kafin mu taɓa ko ɗaya, muka goge bakin sukundireba ya zauna daidai da tsagar kowanne.

Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja mai gari, wadda ke ci gaba da cin ƙarfe. Ita muka bi da mai da soson tagulla mai laushi. Akwai kuma launin ƙasa-ƙasa mai santsi da shekaru suka shimfiɗa, wanda ya zame wa ƙarfen riga. Shi muka bari. Tsagar da ke wuyan ƙotar muka liƙe ta daga ciki. Sifirin ɗaya kaɗai muka sauya, tsohon kuma yana cikin ambulan da kwanan wata a bayansa, don wanda zai gaje ta. A katakon da ke ƙarƙashin hancin akwai wani kwarmi da ya yi sumul, irin wanda ke samuwa in bindiga ta shekara da shekaru tana gicciye a kan sirdi. Awa ɗaya da sanfefa ta isa ta shafe shi, amma har abada ba mai iya mayar da shi.

Akwai wani dalilin da ya sa ba mu so ta yi ƙyalli. Irin wannan bindiga ake yi wa kirari da cewa ita ta ci yammacin Amurka da yaƙi. Ci daga hannun wa? Babban yanki na Teksas ƙasar mutanen Komanci ce, kuma sai a 1875 jagoransu Kwana Faka ya miƙa wuya, shekara biyu bayan fitowar wannan samfuri. Abin da ya fito daga irin wannan zamani bai kamata a goge shi ya zama kayan adon falo ba. Gara ya zauna da tabonsa.

Sai batun abin da za ta ci. Sunan harsashinta 44-40, kuma sunan kansa awo ne: 44 kaurin dalmar, 40 kuma nauyin baƙin albarushin da aka tsara masa, wato giren 40, kimanin giram biyu da rabi, a bayan dalma mai giren 200, kimanin giram 13. A 1884 aka ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a Faransa, wanda kaɗan daga cikinsa ke yin aikin mai yawa. Wannan ƙarfin nasa shi ne abin tsoro. Da yake ɗan kaɗan ake zubawa, kwanso zai iya ɗaukar awo biyu ba tare da ido ya lura ba, gwiwoyin 1889 kuwa ba don haka aka yi su ba. Baƙin albarushi shi cika kwanson yake yi, dole ma dalma ta zauna a kansa ba tare da an bar fili ba. Muka zaɓi wanda aka haife ta da shi. Kwanson zamani gindinsa ya fi na da kauri, ba ya ma cin giren 40 ɗin cif, mu kuma ba mu matsa masa ba.

Kafin mu zuba dalma ko ɗaya sai da muka tambayi hancin faɗinsa. Ana tura curin dalma mai laushi ta ciki daga baki har gindi, a auna abin da ya fito. Littafi ya ce inci 0.427, tamu ta ce 0.430. Bambancin bai kai kaurin takarda mai kyau ba, amma ya isa ya sa dalma ta ƙi kama tsagogin da ke murɗa ta, ta tafi tana tangaɗi. Muka bi maganar bindigar, muka bar ta littafi. Kan dalmar kuma dole ya zama a daƙile, domin a cikin bututun nan harsasai a jere suke, kan wannan a gindin wancan, daidai kan makunninsa. A tsagar jikin dalmar muna cusa haɗin kakin zuma da kitse, don toka ta zauna da laushi a cikin hancin.

Da rana manhajar kwamfuta muke rubutawa, inda in abu ya karkace ana danna maɓalli a koma inda aka fito. Teburin ɗuri ba shi da wannan maɓalli. Shi ya sa muka kafa doka: waya tana waje, ɗaya na awo, ɗaya na kallon sikeli, ba hira sai an rufe gwangwanin albarushi. Harsashi 50 kan cinye mana yammaci guda.

Harbin farko ba a kafaɗa muka yi shi ba. A kan tsohuwar taya muka ɗaure ta, muka ja kunamar da igiya daga nesa. Ƙararta ba tsawa ba ce irin ta bindigogin yau, wani dum ne mai zurfi, sai farin hayaƙi ya tokare gabanmu. Da warin farar wuta ya iso, muka dubi juna. Warin 'yan bindigar sarki ne ranar hawan sallah, warin bindigar toka ta maharban ƙauye, waɗanda su ma da hannu suke ɗuri, kowa ya san awon tasa. Ba mu zaci za mu shaƙi wannan wari a bayan duniya ba.

Takarda ba ta ƙarya. A yadi 50, harbi biyar sun taru a faɗin tafin hannu. A yadi 100 sun watsu sun kai faɗin faifai, dalmar kuma ta fara sunkuyawa, don gudunta bai wuce rabin na harsasan farautar zamani ba. Bayan watanni muna gwadawa muka yanke wa kanmu iyaka: yadi 70. Kowane harbi kuma yana da haraji, domin tokar baƙin albarushi tana jan laima. A daren nan sai an wanke hancin da ruwan zafi da sabulu, a busar, a shafa mai, komai gajiya.

A farkon Nuwamba ake buɗe farautar barewa a Teksas. Muka yanki lasisi, wani manomi ya ba mu izinin shiga gonarsa. Rana ta biyu da asuba, wani namiji mai ƙaho ya fito bakin kurmi ya tsaya yana kiwo. Na'urar awo ta ce yadi 120. Da bindigar zamani ce, da tuni an yi bisimilla an fara neman wuƙa. Da tamu, dalmar za ta iya samun sa, amma ba mu da tabbacin inda za ta sauka, kuma dabbar da ta gudu da dalma a ciki ta je ta mutu a ƙaya bayan kwana biyu alhakinta a wuyanmu yake. Muka zauna muna jira ko zai matso. Ya ɗaga kai, ya shaƙi iska, ya koma cikin kurmi.

Muka zare harsasan ɗaya bayan ɗaya, muka ƙirga su suka cika. A ranar, shinkafa da kifin gwangwani muka ci a bayan mota, bindigar tana kwance a kan bargo tsakaninmu.