Asbury Park: Garin Da Ƙonannen Jirgi Ya Sauka A Ƙofarsa

Daga birnin New York zuwa Asbury Park tafiyar kusan awa biyu ce a jirgin ƙasa. Ƙaramin gari ne a bakin tekun Atilantika, cikin jihar New Jersey ta Amurka, kuma abin da ke kawo baƙi shi ne shan iska da wanka a teku. Ni kuwa wani dutse na je nema. Yana nan kusa da babban ɗakin taro da ake kira Convention Hall, an kafa shi cikin 2009 don tunawa da mutum 137 da suka halaka a jirgin ruwan Morro Castle.

Ga yadda abin ya faru. Jirgin ya taso daga Havana ta ƙasar Kuba ran 5 ga Satumba, 1934, da mutum 549, fasinjoji da ma'aikata, yawancin fasinjojin 'yan yawon shaƙatawa ne. Ran 7 ga wata da maraice kyaftin ɗinsa, Robert Willmott, ya mutu farat ɗaya, mataimakinsa William Warms ya karɓi ragama. Kafin ƙarfe uku na dare sai aka ga hayaƙi yana fitowa daga wani ɗan ɗakin ajiya da ke cikin zauren rubutu. Kamar rabin sa'a bayan haka, wuta ta mamaye tsakiyar jirgin.

To, jama'a, yaya za a yi jirgin ƙarfe mai shekara huɗu kacal, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, ya ci wuta haka kamar busasshiyar ciyawa a hunturu? Amsar tana cikin kayan adonsa. An lulluɓe bangaye da rufin ɗakuna da siririn katako mai sheƙi, an manna shi da gam, ga fenti da aka yi ta shafawa ɗaya bisa ɗaya. Akwai ƙofofin tare wuta, amma magina sun bar rata ta kamar inci shida tsakanin katakon rufi da ƙarfen jirgi, wuta ta bi ta nan ta tsallake ƙofofin ba wanda ya gan ta. Akwai famfunan kashe gobara 42, amma ƙarfin ruwan bai isa a buɗe fiye da shida a lokaci ɗaya ba. Da ma'aikata suka buɗe su barkatai, sai ruwan ya zama ba ya ko tashi. Bugu da ƙari, sabon kyaftin ya ci gaba da tafiya yana fuskantar iska, watau yana hura wutar da kansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun kwale-kwalen ceto. Daga cikin 12, shida kaɗai aka saukar, suka ɗauki mutum 85, galibinsu ma'aikatan jirgin. Fasinjoji kuwa ba a taɓa tara su an koya musu abin da za su yi ba. Da yawa suka yi tsalle cikin teku sanye da rigar ceto, ba su san a riƙe ta a ƙirji ba, ta buge su a haɓa suka suma ko wuyansu ya karye.

Da yammacin ran 8 ga wata igiyar ruwa ta turo gangar jirgin, har yanzu tana hayaƙi, ta kafe a rairayi 'yan taku kaɗan daga Convention Hall. Na tsaya a wurin ina auna tazarar da ido, bisa doguwar hanyar katako da aka shimfiɗa a bakin tekun. Mutanen garin, Allah Ya sani, sun taimaka wajen ceto. Amma kuma kasuwa ta buɗe musu: dubban 'yan kallo suka yi ta kwarara, ana sayar musu da hotuna da kayan tsaraba, har watan Maris na 1935 da aka ja gangar aka tafi farfasa ta.

Amurka ta tsananta dokokinta bayan wannan. Da William Francis Gibbs ya zana jirgin United States, wanda ya fara aiki cikin 1952, sai ya kori katako, in ban da na fiyano da wanda mahauta ke saran nama a kai. Ya cika jirgin da alminiyam da gilashi da allunan asbesto marasa cin wuta. Daga baya aka gano ƙurar asbesto tana jawo ciwon daji, dole aka yi ta kankare shi.

Yarjejeniyar SOLAS, wadda ƙasashen duniya ke bi, ta ce a yanka jirgin fasinja kashi-kashi da bangayen ƙarfe, bisa ƙa'ida kowane kashi kada ya wuce mita 40, kuma mafi ƙarfin bangayen ya tare zafi har minti 60. Duk da haka cikin 1990 mutum 159 suka mutu a Scandinavian Star, yawancinsu saboda hayaƙi mai guba da fatar bangon ta fitar. Cikin Maris na 2006 kuma wuta ta tashi a barandar wani ɗaki a jirgin Star Princess, ta bi robar da ta raba baranda da baranda, mutum ɗaya ya mutu. Sai a 2008 dokar da ta shafi kayan barandu ta fara aiki, domin kafin nan masu doka ba su lissafa baranda cikin ɗaki ba.