Muryar Jitar Bes a Tamale

Masana harshe sun daɗe da raɗa wa hawa da saukar murya suna, wato karin sauti. Kowane ɗalibin Hausa ya san shi tun farkon karatu, da na sama da na ƙasa da faɗau, ya kuma san shi ne ke raba wuya na jiki da wuya ta wahala. Amma akwai wani abu dabam da kunne ke tsinta a cikin sauti wanda har yau bai sami tsayayyen suna ba: abin da ke sa yaro ya gane muryar uwarsa daga ta maƙwabciya, ko da su biyun sun rera waƙa ɗaya a kan kari ɗaya. Samarin da ke kaɗa jitar bes a Tamale sun ari kalmar Turanci, suna ce masa ton. In aka matsa musu su faɗa da Hausa sai baki ya rabu. Wani ya ce amo, wani ya ce murya, wani ya ce zaƙi. A kan wannan abu marar suna suke kashe ɗan abin da suka samu, a kansa kuma suke gardama har dare ya raba.

Tamale garin Dagombawa ne, Dagbani ne harshen gida, amma Hausa ba baƙuwa ba ce a can. Fataken goro ne suka shigo da ita ƙasar, ta hanyar da ta ratsa Yendi zuwa kasuwar Salaga a Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 Hausawan garin suka bazu cikin zangogi. Da Turawan Ingila suka mai da Tamale hedikwatar yankin arewa a 1907, ciniki ya biyo su, Hausa ta biyo ciniki. Saboda haka a ɗakin gwajin kiɗa a Sabonjida ko Zogbeli akan fara magana da Dagbani, a ciro sunan kayan aiki daga Turanci, a ƙarasa zolaya da Hausa.

Ita jitar bes ƙirar Amurka ce. Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951, ya biyo da Jazz Bass a 1960, kuma galibin waɗanda ke yawo a hannun samarin Tamale kwaikwayon waɗannan biyun ne, ƙirar Sin ko Indonesiya, da yawansu gwanjo da suka biyo ta Accra ko Kumasi. Tsirkiyoyinta huɗu ne na ƙarfe, masu kauri. Mafi kaurinsu tana girgiza kamar sau 41 a daƙiƙa guda, kusa da iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji ta ƙasa; mai tsirkiya biyar kuwa tana sauka har wajen 31. Ba ta da ƙoƙon da zai ƙara mata amo irin na goge ko gurmi. Maganaɗisu ne a ƙarƙashin tsirkiyoyin ke ɗaukar girgizar ya mai da ita lantarki, amfilifaya ta ƙarfafa, sifika ta fitar. In babu wuta, bes kurma ce.

Wannan dogaro da kayan wuta shi ya sa tarihinta a Ghana ya bi wata karkatacciyar hanya. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 an kafa dokar hana fitar dare wadda ta wuce shekara biyu, ga kuma kuɗin fito mai nauyi a kan kayan kiɗa. Ƙungiyoyin hailaf da ke ci daga gidajen rawa suka wargaje, makaɗa da yawa suka koma majami'u, inda kayan suke. John Collins, masanin kiɗan Ghana, ya yi rubutu mai yawa a kan wannan ƙaura. Sawunta yana nan har gobe. A Tamale, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne, amfilifaya mai kyau ta fi samuwa a coci, don haka yaron zango mai sha'awar bes sai dai ya koya a ɗakin aboki, da aron jita, da sifikar da aka kwance daga tsohuwar rediyo. Ba shi da gadon kiɗa irin na lunsi, makaɗan lunga na Dagbon waɗanda ke karɓar sana'a daga uba da kaka, suna riƙe da tarihin sarakuna a ka. Shi da rana tela ne ko makanike ko malamin firamare. A gida ma ba kowane uba ne ke so a ce ɗansa makaɗi ne ba.

Sannan ga yanayin ƙasar. Idan hunturu ya kama daga Disamba, katako yakan bushe ya tsuke, bakunan ƙarafan da ke jere a wuyan jita su leƙo waje suna yankar yatsa, wuyan kansa ya ɗan lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da yatsa ko ta kwanta a kan ƙarfe. Damina na zuwa komai ya sake sauyawa. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan wadda ake murɗawa don a daidaita shi, kuma duk wanda bai koyi murɗa ta sau biyu a shekara ba zai gane cewa wuyan jita da wuyar jita ba su da nisa da juna. Wutar Ghana kuma 230 ce, ta Amurka 120, saboda haka amfilifayar da ɗan'uwa ya aiko daga can sai da taransifoma, in an manta kuwa hayaƙi ne zai tuna wa mutum. Shekarun dumsor, kamar yadda mutanen Ghana ke kiran ɗauke wuta da kawo ta, sun koya wa kowa kiɗa da janareto, da irin gurnanin da yake cusawa cikin sifika. A nan ƙirar Precision ta yi wa 'yar'uwarta zarra, domin tun 1957 aka raba maganaɗisunta gida biyu yadda za su kashe gurnanin juna, alhali Jazz Bass takan yi ta huci da zarar an buɗe ɗaya an rufe ɗaya.

Duk wannan sharar fage ce. Ainihin gardamar a kan tsirkiya take.

Akwai wani tela a Sabonjida, ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ke kaɗa bes a bikin aure da na suna idan an sami mai gayya. Malaminsa dattijo ne da ya yi kiɗan hailaf a Kumasi tun kafin dokar hana fita, yanzu kuma yana gyaran rediyo da fanka. Telan ya tara kuɗin ɗinkin Sallah ya yi saƙon sababbin tsirkiyoyi daga Accra, irin waɗanda aka naɗe da zagayayyar waya, masu kaushi a yatsa da ƙara kamar sabon kwano. Dattijon ya jujjuya fakitin ya mayar masa. Nasa tsirkiyoyin masu sulɓi ne, naɗin shimfiɗaɗɗiyar waya, sun shekara ba adadi a jikin jitar, gumi da ƙura sun cike su har sautinsu ya zama dunƙulalle, gajere, ba ya ja.

“Baba, ai waɗannan sun mutu,” in ji telan.

“Yaro, sai yanzu suka nuna.”

Dattijon yana da manyan shaidu. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin fitattun waƙoƙin kamfanin Motown a shekarun 1960, da irin waɗannan masu sulɓi ya yi aiki, an kuma san shi da ƙin canza su sai in sun tsinke. Aston Barrett na ƙungiyar Wailers, wanda ya rasu a 2024, ya gina kiɗan Bob Marley a kan sauti mai kauri da zurfi, mai barin fili tsakanin bugu da bugu. Kuma rege ba baƙon kiɗa ba ne a Tamale. Garin ya fitar da Sheriff Ghale, wanda ke rera shi da Dagbani. A ganin dattijon, ba a sauraron bes da kunne. Ƙirji ne ke jin ta, da ƙafa, kuma ranar da 'yan biki suka lura da mai bes to ya yi ɓarna. Shi kuwa telan almajirin 'yan coci ne ta hanyar YouTube, masu tsirkiya biyar, masu marin tsirkiya da babban yatsa su fizge ta da manuni, salon da ake jingina wa Larry Graham tun ƙarshen shekarun 1960. Wannan salo ba ya yiwuwa da matacciyar tsirkiya. Shi ya sa idan kuɗi suka yanke ake tafasa tsofaffin a tukunya don dauɗar ta fita, su ɗan farfaɗo na 'yan kwanaki.

Abu ne mai sauƙi a ce wannan rikicin tsoho da yaro ne, ko na rege da kiɗan coci. Akwai abin da ya fi haka. Dattijon ya yi zamaninsa a filin rawa, gaban manyan akwatunan sifika masu iya motsa iska sau 41 a daƙiƙa. Masu sauraron telan kuwa a waya suke jin sa, a ɗan bidiyon biki da ake turawa ta WhatsApp, kuma sifikar waya, wadda ba ta kai farce ba, ba ta iya fitar da wannan zurfi ko kusa. Abin da ke ceton bes a waya shi ne ƙananan sautukan da ke hawa a kan babban: tsirkiyar da ke girgiza sau 41 tana kuma haifar da na 82, da 123, da 164, har can sama. Idan na saman suka iso kunne, ƙwaƙwalwa takan cike gurbin na ƙasan da bai iso ba, mutum ya rantse ya ji shi. Sabuwar tsirkiya mai kaushi cike take da waɗannan 'ya'yan sauti. Tsohuwa mai sulɓi ta zubar da yawancinsu. Ranar da aka ɗauki su biyun a waya aka kunna, telan ya fito sarai, dattijon kuwa ana ganin yatsunsa suna tafiya ba a jin komai.

Abin bai tsaya ga kunya ba, domin akwai abinci a ciki. Waƙoƙin da suka cika filin wasa na Aliu Mahama, irin na Fancy Gadam da Maccasio, galibi a kwamfuta ake haɗa kiɗansu, har da bes ɗin, kuma mai biki ya san ɗaukar mai kunna faifai ya fi ɗaukar makaɗa biyar arha. Mai bes da ba a ji shi a bidiyo ba, ba za a neme shi a biki na gaba ba. Ta wannan fuska telan ya fi gaskiya. Sai dai dattijon ma bai yi ƙarya ba: a tsakar gida, gaban sifika ta gaske, kaifin nan yakan hau kan muryar mawaƙi ya yi ta kokawa da ita, rawa kuma ta rasa abin dogaro.

Abin mamaki shi ne, su biyun suna neman hujja a Detroit da Kingston, alhali garinsu ya daɗe da amsa tambayar. Duk wanda ya tsaya a taron Damba ko rawar Takai ya ji gungon, gangar Dagombawa mai faɗin baki wadda ke tafiya tare da lunga, 'yar'uwar kalangu. Ita ce mai riƙe ƙasan kiɗan, ana jin ta a ciki kafin a ji ta a kunne. Amma an ɗaura mata 'yar igiya a kan fatar, wadda ke karkarwa da kowane bugu, ta ɗora wani zuzu mai kaifi a kan zurfin. Da wannan zuzun take ratsa hayaniyar taro ta isa nesa. Haka kunnen Hausawa yake so: kuntigin Ɗanmaraya Jos, mai tsirkiya ɗaya tak, yana da ɗan ƙarfe mai zobba a kansa don wannan aiki. Littattafan koyon bes na Turawa kuwa sukan lissafa karkarwar tsirkiya a kan ƙarfe cikin aibobin da ake gyarawa, kuma dattijon, wanda ya koyi sana'a a wannan makaranta, har yau yakan yamutsa fuska idan ya ji ta. John Chernoff, Ba'amurken da ya koyi kiɗan Dagbon a Tamale a hannun Alhaji Ibrahim Abdulai, ya fitar da littafinsa a 1979. Kusan rabin ƙarni bayan haka, jikokin malamansa suna biyan kuɗin data don a koya musu cewa sauti mai tsabta shi ne mai kyau.

A game da suna kuwa, zaƙi ba zai yi ba, domin hukunci ne, kuma abin da ya yi wa tela zaƙi shi ya yi wa dattijo ɗaci. Amo ya fi karkata ga ƙarfin sauti da yadda yake cika wuri. Murya ce ta fi dacewa, tunda tana karɓar duk siffofin da makaɗan ke bukata ba tare da an ƙago komai ba: murya mai kauri, siririya, shaƙaƙƙiya, dusasshiya, mai kaifi, mai rawa. Dattijon da kansa, idan ya manta da ton, cewa yake yi muryar jitar yaron nan ta cika tsiwa.

Telan bai jefar da tsofaffin tsirkiyoyinsa ba. Yana ajiye su a cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin keken ɗinki, yana mayar da su idan an gayyace shi kiɗan rege. Sababbin kuwa ya ɗan sassauto su kusa da wuya, daidai yadda za su taɓa ƙarfe idan ya buga da ƙarfi, su yi shiru idan ya lallaɓa. Dattijon ya ce wannan lalaci ne aka sa masa riga, amma shi ya ara masa makullin da ya kwance sukurorin.