Kwandon shara na kwamfuta

Yau zan ba ka labarin ranar da na kusa ɓatar da hatsin mutane.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Da na gama horon malanta, aka tura ni wani ƙauye na ƙasar Buza. Matan ajina suna da rumbun tsimi. Kowace ta ranci gero, sai mu rubuta sunanta da yawan tiyar da ta ɗauka. Ran kasuwa na tafi Madawa, na zuba sunayen cikin wata tsohuwar kwamfuta. Da na ƙare, na taɓa wani maɓalli bisa kuskure. Takardar ta ɓace. Littafin kuwa ruwan sama ya riga ya jiƙa shi. Gabana ya faɗi. Me zan gaya wa matan?

Mai ofis ɗin, wani dattijo, ya yi dariya. Ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka." Ya buɗe hoton wani ɗan kwando a fuskar injin. Sai ga takardata ciki, ba abin da ya same ta.

Ga bayanin da ya yi mini. Kwamfuta tana da tsarin da ke tafiyar da ita. A da akwai MS-DOS. Sai ka haddace kalmomin Turanci, ka buga su, kana injin ya yi aiki. Sunan takarda ba ya wuce baƙi 8, da wasu 3 a baya. A shekara ta 1995 kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da Windows 95. Shi ya zo da kwandon nan. Abin da ka goge yana jira ciki har ka zubar. Suna kuma ya iya kai baƙi 255. Sai ka rubuta "Rancen gero na mata" sarai.

Amma ka kiyaye. Abin da aka goge daga ɗan makullin da ake cusa wa kwamfuta ba ya shiga kwando. Littafi kuwa ba shi da kwando sam. Don haka rubuta lissafinku wuri biyu. Sa suna da kwanan wata a bisa. Ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin shugaba.

Da kaka ta yi, kowace mace ta maido geronta, ba gardama. Uku cikinsu da kansu suka karanta sunansu.

Allah ya ƙara mana basira.