Kunyar Da Ta Kusa Raba Ni Da Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka tun da na tashi ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini, in kuma ta ga dama ta ce "'yar nan". To, ya kai mai karatu, uwar da ke kunyar faɗin sunan 'yarta, ta yaya za ta buɗe baki ta gaya mata cewa jini na neman ƙarar da ita?

A hutun ƙarshen shekarar 2023 na koma gida Sabon Ibadan, na tarar Inna, wadda ke da shekara 47 a lokacin, ta sauya. Matar da ke tashi tun asuba ta toya waina, ta koma sai ta zauna ta huta kafin ta gama sharar tsakar gida. Tafin hannunta ya yi fari fat, ga haki, ga jiri, ga wata sabuwar ɗabi'a ta taunar ƙanƙara. Na kuma lura kullum akwai zannuwa a kan igiyar bayan ɗaki, alhali ba ranar wanki ba ce. Da na tambaye ta sai ta kau da kai ta ce, "Ke dai je ki ɗora ruwa."

Goggo, ƙanwar Baba, ita ta ja ni gefe ta warware mini. Ashe kusan shekara guda ke nan al'adar Inna ta rikice: ta ɗauke wata biyu, sannan ta dawo kamar an buɗe famfo, ta yi kwana goma sha tana zuba guda-guda. Matan gida sun ce mata jinin bankwana ne, kowace mace sai ta gan shi, haƙuri ne maganinsa. Ita kuwa abin da ya fi damunta shi ne sallarta. Ta aika aka tambayi malama, aka ce mata a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya haura nan jinin ciwo ne, sai ta yi wanka ta ci gaba da salla. Ta samu amsar salla, amma ba wanda ya ce mata ciwo kuma asibiti ake kai shi.

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wata safiya Inna ta yanke jiki ta faɗi a gaban tanda, Allah ya kiyaye ba ta faɗa kan wuta ba. A asibiti aka auna jininta aka samu ya sauka zuwa 6, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce macen da ba ta da ciki, in ma'auninta ya gaza 12, to tana da ƙarancin jini. Sai da aka yi mata ƙarin jini.

A nan ne likitar mata ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce galibin mata al'adarsu na ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma 'yan shekarun da ke gabanin haka ƙwai ba ya fita kowane wata. In bai fita ba, sinadarin furojestaron da ke daidaita shimfiɗar cikin mahaifa sai ya yi ƙaranci, shi kuwa istirojin ya ci gaba da kaurara ta, ranar da za ta zube sai ta zube da yawa. Amma ta gargaɗe mu cewa ba kullum ne dalilin ke nan ba. Ƙarin mahaifa na jawo haka, wani lokaci ma sankara ce ke somawa. Shi ya sa aka yi wa Inna hoton ciki, aka kuma ɗebi ɗan abu daga shimfiɗar mahaifar aka kai awo. Kwanakin jiran sakamakon nan ban yi barcin kirki ba. Alhamdu lillahi, ba a samu sankara ba.

Aka ba ta ƙwayar tiraneksamik asid da take sha a kwanakin zubar kawai, da ƙwayar ƙarin jini ta wata uku, aka ce ta riƙa haɗiyarta da lemo, ta nisanta ta da shayi domin yana hana jiki tsotse ta. Aka hana ta shan asfirin, saboda yana ƙara zubar. Muka dage da hanta, wake, alayyahu da zogale. Daga baya aka sa mata Mirena, ɗan abin nan da ake sakawa a mahaifa yana sakin magani a hankali, kuma cikin 'yan watanni zubar ta ragu ƙwarai. Likitar ta ce cire mahaifa yana nan, amma sai in sauran hanyoyi sun gaza.

'Yan'uwana ɗalibai, iyayenmu da yawa suna cikin waɗannan shekaru, kuma ba za su faɗa ba. Mu sa ido. Al'adar da ta wuce kwana 7, ko ake sauya auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko take zuwa da manyan gudaji, ba abin haƙuri ba ce. Haka ma duk jinin da ya ɓullo bayan wata 12 da ɗaukewar al'ada, komai ƙanƙantarsa, likita zai gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar da zan komo makaranta, Inna ta ɗaure mini waina a leda, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka." Har yau dai ba ta faɗi sunan nawa ba. Na ce, "Amin, Inna. Kada dai ki manta ranar komawa asibiti."

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, amin.