Ƙurungun Hajiya

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda kuka saba, zancen kifi ne. Kada ku yi dariya, ku dai tsaya ku ji.

Kwanakin baya uwar mijina Hajiya ta kwanta jinya a gidanmu da ke Unguwar Rimi, bakinta ya ƙi karɓar komai. Ran nan na kai mata kunu sai ta kau da kai ta ce, "Ni fa 'yar nan farfesun ƙurungu nake marmari, na kogin nan namu, ba tarwaɗarku ta kiwo ba." Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne, tunda kogin ga shi nan a bayanmu. Ashe ban san komai ba. Sau biyu ina aiken yaro kasuwa yana dawowa da labarin taitus da shawa na ƙanƙara. Rana ta uku na nemi izinin maigida, ƙaninsa ya raka ni bakin ruwa ta wajen Kabala.

Can muka tarar da wani dattijo yana ɗinkin koma. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya jawo wani bokiti ya nuna mini, ƙananan karfasa ne da ƙurungu huɗu, babu wanda ya wuce tafin hannuna. Ya ce, "'Yata, tun asuba ke nan. Da ƙuruciyata a nan wurin muna kama ragon ruwa da tsage, giwan ruwa ma akan dace."

Na ce, "Ai Baba masaƙu ne suka kashe kogin nan." Haka muka tashi muna ji, kuma da gaskiya a ciki. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957 wasu suka biyo baya, shekara da shekaru ruwan rini yana gangarawa kogi. To amma ta farkon an rufe ta a 2002, saura ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Dubi inda ruwan yake tafiya." Sai a sannan na lura. Ruwan ta Malali yake gangarowa, ya wuce mu, ya wuce Gamji, sannan ya isa ɓangaren Kakuri. Dattin masana'anta ba ya hawowa sama. Ya nuna mini bakin wani lambatu da ke zuba cikin kogin, baƙi ƙirin, ga ledar fiya wata, ga ƙunzugun jarirai, ga kumfar omo. Ya ce, "Wannan daga gidajenku yake."

Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ce nan da na ga hadari ya haɗu nake ce wa yara su yi maza su juye shara a kwata ruwa ya tafi da ita. Ban taɓa tambayar kaina ina yake kai ta ba. Kuma abin haushi, a littattafaina sau nawa na zaunar da saurayi da budurwa a Gamji suna kallon ruwa yana sheƙi?

Kifi ma numfashi yake yi, da iskar da ke narke cikin ruwa. Ƙazanta in ta shiga tana ruɓewa, ruɓewar nan ita ke cinye iskar, musamman da rani da ruwa ya ja baya ya yi ɗumi. Sannan ga maganar haihuwa. Yawancin kifinmu da damina yake ƙwai, in kogi ya cika ya malala cikin ciyawar fadama, nan 'ya'yan ke fakewa su yi ƙwari. Fadamar nan mun cike ta mun yi gini, shi ya sa ambaliya irin ta 2003 ta tarar da mutane a kan hanyarta. Ga masu ɗibar yashi, ga masu su da gidan sauro da ba ya barin ko ɗan tsito. Can ƙasa kuma madatsar Shiroro ta tare hanya, kifin Kwara ba shi da ta inda zai hauro mana.

To zai dawo kuwa? Ni dai ra'ayina, manyan nan irin giwan ruwa kada mu sa rai a cikin gari. Amma karfasa da tarwaɗa da ƙurungu masu taurin rai ne, kuma irinsu bai ƙare ba tunda ga su a bokiti. Kogin ma ba tafki ba ne, duk damina sabon ruwa yake samu tun daga tsaunukan Jos. Kogin da ya ratsa birnin Landan, a 1957 ɗin nan masana suka ce ya mutu murus saboda ƙazanta. Da aka gyara wuraren tace ruwan najasa kafin ya shiga, yau ana ƙirga kifi sama da iri 100 a cikinsa. Sai dai su shekaru suka ɗauka, da kuɗin hukuma mai yawa. Namu ma sai hukuma ta tsaya kan lambatu da gine-ginen bakin ruwa, sarakunan ruwa su hana su lokacin da kifi ke ƙwai. Amma leda da ƙunzugu ba gwamna ke zubawa ba, 'yar'uwa, daga tsakar gidana da naki suke fita. Kuma daga kogin nan gidan ruwa na Malali ke jan abin da ke zuwa famfonmu.

Na sayi ƙurungun nan huɗu, dattijon ya ƙi karɓar kuɗin ɗaya, ya ce a gaida mai jiki. Na wanke su da toka da lemun tsami, na sa citta da masoro da ɗan daddawa. Hajiya ta cinye biyu ta shanye romon, ta ce ɗanɗanon na nan, sai dai a zamaninsu irin waɗannan mayar da su ruwa ake yi su ƙara girma.

Da la'asar hadari ya taso. Ƙaramar 'yata ta ɗauko kwandon shara da gudu ta nufi ƙofa, na ce ta ajiye, mai baro zai zo da safe. Ta tsaya tana kallona ta ce, "Umma, ai ruwa za a yi."