Abebe Bikila, sojan da ya shirya wa gudun maraton

A cikin wasannin gudu duka, babu mai wuya kamar maraton. Irinsa ne Hausawa suke ce wa gudun yada-ƙanin-wani. Tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. In a filin wasa mai kewayen mita 400 za a yi shi, sai an zagaya sau 105, a ƙara kusan rabin zagaye.

Sunan ya fito ne daga wani gari na ƙasar Girka. A shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, Girkawa suka yi yaƙi da Farisawa a Maraton, suka ci nasara. Ana ba da labari cewa wani manzo ya sheƙa da gudu daga can har birnin Atina don ya kai bushara, yana isa ya faɗi ya mutu. Da aka farfaɗo da wasannin Olimpik a 1896, sai aka sa wannan gudu a ciki don tunawa da shi. Tsawon da ake bi yanzu, a birnin Landan aka fara auna shi a 1908.

Ga labarin wani mutum da ya yi wannan gudu. Ba sana'arsa ba ce. Soja ne mai albashi kaɗan, yana aikinsa, yana kuma gudu in ya sami sarari.

Ɗan makiyayi

An haifi Abebe Bikila ran 7 ga watan Agusta 1932, a wani ƙauye mai suna Jato, cikin ƙasar Habasha. Ubansa makiyayi ne. Ƙasarsu ƙasar duwatsu ce da kwazazzabai. Yaron da ke kiwo a can kullum yana cikin hawa da gangara, kuma yawanci ba takalmi a ƙafarsa. Samarin wurin suna da wani wasa da ake kira gana. Ana yin sa da sanda mai lanƙwasa da ɗan ƙwallo, a fili mai tsawon gaske. Abebe ya yi wannan wasa ƙwarai. Tun bai san akwai wani abu wai shi maraton ba, ƙafafunsa suka yi ƙwari, tafin ƙafarsa ya yi kauri.

Yana da shekara 3 sojojin Italiya suka shiga Habasha da yaƙi, a 1935. Suka mamaye ƙasar, ba su fita ba sai 1941. A cikin kayan da suka kwashe har da wani dogon ginshiƙin dutse na tsohon birnin Aksum. Suka kai shi Roma a 1937, suka kafa a bakin hanya. Ku riƙe zancen wannan dutse, za mu sake gamuwa da shi.

Wajen 1952 Abebe ya je Adis Ababa, babban birnin ƙasar, ya shiga sojan da ke tsaron Sarki Haile Salasi.

Gudun kowace rana

A barikin soja ne ya fara gudu sosai. Akwai lokacin da kullum yake bin hanyar da ke tsakanin tuddan Sululta da Adis Ababa, wajen kilomita 20, ya je ya komo. Ba ranar da ya ga dama kaɗai ba, kowace rana. Wanda ya taɓa tashi da asuba cikin hunturu don ya je rijiya ya san abin da wannan yake nufi. Ranar farko da daɗi. Rana ta goma jiki yana ciwo, bargo yana kira. Mai gudu na gaskiya shi ne wanda ya fita ran nan ma.

A 1956 aka yi gasar sojojin ƙasar. Abebe ya shiga, amma bai zo na ɗaya ba. Wani gwani mai suna Wami Biratu ya riga shi, shi ya zo na biyu. Bai yi zuciya ba, ya koma kan hanyarsa.

A lokacin akwai wani malamin wasanni, mutumin ƙasar Suwidin, mai suna Onni Niskanen. Gwamnatin Habasha ce ta ɗauke shi aiki. Ya lura da wannan siririn soja mai sauƙin taku, wanda ba ya saurin haki. Sai ya jawo shi, ya shiga horar da shi.

Abebe yana da ƙarfi da jimiri tun can. Abin da malamin ya ƙara masa shi ne tsari. Wata rana a yi dogon gudu a kan hanya ko a cikin duwatsu, don jiki ya saba da daɗewa. Wata rana kuma a yi gajeren gudu da sauri, a ɗan huta, a sake, a yi ta maimaitawa, don ƙafa ta saba da hanzari. Malam yana riƙe da agogo, yana duba minti da sakan. Da haka mai gudu yake sanin kansa: kilomita ɗaya minti nawa take ci masa, kuma wane sauri ne zai iya riƙewa har awa biyu ba tare da ya sare ba.

Me ya sa ake wannan wahala?

Jikin mutum kamar rumbu ne. Abincin da muka ci, jiki yana ajiye wani kashi nasa a cikin tsoka da hanta, don ya ba mu ƙarfi. Amma rumbun ba shi da girma. In mutum yana gudu da sauri, ajiyar takan kusa ƙarewa wajen kilomita 30. A nan ne ƙafa take yin nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Da yawa a nan suke tsayawa. Dogon horo yana koya wa jiki tattali: ya riƙa cin kitsen da ke gare shi tun da wuri, ya rage ɓarnar ajiyar. Zuciya kuma tana ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Wannan ba ya samuwa a mako ɗaya ko wata ɗaya. Sai a hankali, ana ƙara nisa kaɗan kaɗan, ana ba jiki hutu da abinci da ruwa. Wanda ya yi gaggawa, rauni zai samu.

Akwai kuma wani abu da ƙasarsa ta ba shi. Adis Ababa tana bisa tudu, tsayinta ya fi mita 2300 daga bakin teku. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, can cikin Bagazan, bai kai haka ba. A irin wannan wuri iska ba ta da kauri, numfashi ɗaya ba ya ƙosar da mutum. Don haka jikin mai zama can yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda suke ɗaukar iska su kai wa tsoka. In ya sauko ƙasa, sai ya ji gudu ya yi masa sauƙi.

A watan Yuli 1960 Abebe ya ci maraton a Adis Ababa. Bayan wata ɗaya ya sake ci, cikin awa 2 da minti 21 da sakan 23. Wannan lokaci ya fi na Emil Zatopek, wanda ya ci maraton na Olimpik a 1952. Sai aka sa sunansa cikin masu zuwa Roma, tare da wani ɗan'uwansa mai gudu, Abebe Wakjira.

A birnin Roma

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da suka isa Roma, shi da malaminsa suka je suka duba hanyar da za a bi. Suka ga inda take da kwalta, da inda take da tsofaffin duwatsu. Suka kuma ga wani abu: kusa da ƙarshe, saura bai kai kilomita 2 ba, hanyar ta bi ta gaban dutsen nan na Aksum. Suka shirya cewa daga nan ne Abebe zai saki ƙarfinsa duka.

Sai matsalar takalmi ta taso. Sabon takalmin da ya samu bai yi masa daidai ba, ya sa masa bororo. Takalmin da ke cizo a kilomita 5, a kilomita 30 jini zai fitar. Abebe ya san tafin ƙafarsa, ya san abin da zai iya ɗauka. Ya yanke shawara zai yi gudun ba takalmi.

Ran 10 ga watan Satumba 1960, da la'asar, mutum 69 suka jeru. An jinkirta gudun ne zuwa yamma saboda zafi. Abebe yana da lamba 11 a ƙirji. Kusan ba wanda ya san shi. Aka tashi. Bai yi rige-rige ba, ya bi ayari a hankali, ya riƙa matsowa gaba. Wajen kilomita 25, saura mutum biyu a gaba: shi da wani ɗan Maroko, Radi ben Abdessalam.

Malaminsa ya riga ya gargaɗe shi game da wannan Radi, ya ce masa ya kula da mai lamba 26. Amma ran nan Radi lamba 185 ya sa. Abebe yana ta ƙara wuta, yana neman mai lamba 26 a gaba, ashe mutumin yana nan a kafaɗarsa.

Dare ya yi. Suka hau tsohuwar hanyar Romawa da ake kira Apiya. Sojojin Italiya suka jeru a gefe, kowa riƙe da jiniyar wuta yana haska hanya. Suka zo dutsen Aksum. Can dab da ƙarshe Abebe ya tsere wa Radi, ya riga shi isa da sakan 25. Lokacinsa awa 2 da minti 15 da sakan 16. Kafin ran nan ba wanda ya taɓa yin maraton da sauri haka. In kun raba, za ku ga kowace kilomita minti 3 da sakan 12 ta ci masa, kuma haka ya riƙe har sau 42.

Shi ne baƙar fata na Afirka na farko da ya ci lambar zinariya a wasannin Olimpik. Ya ci ta ne a babban birnin waɗanda suka mamaye ƙasarsa yana yaro. A shekarar nan ƙasashen Afirka 17 suka sami mulkin kai. Nijar ta sami nata ran 3 ga Agusta, mako biyar da ƴan kwanaki kafin gudun. Da ya koma gida aka ƙara masa girma, ya zama kofur.

Bayan Roma

Mutane sun fi tunawa da ƙafar da ba takalmi. Amma a 1964, a birnin Tokiyo, Abebe ya sa takalmi, ya kuma sake ci. Mako biyar kafin gudun likitoci sun yi masa aiki a ciki, har ana zaton ba zai iya shiga ba. Ya shiga, ya gama cikin awa 2 da minti 12 da sakan 11. Na biyu bai iso ba sai bayan fiye da minti 4. Ashe sirrin yana cikin shekarun da ya yi yana shiri. A waɗannan wasanni na Tokiyo ne Nijar ta fara shiga Olimpik, da ɗan dambenta Isaka Dabore.

A 1968, a Meksiko, ciwon ƙafa ya sa Abebe ya tsaya a hanya, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. A 1969 ya yi haɗarin mota, ƙafafunsa suka shanye. Aka kai shi asibiti a Ingila. Bai sake tafiya ba, amma bai bar wasa ba. Yana zaune a keken guragu ya koyi harbin kibiya, har ya shiga gasa a 1970. Ya rasu ran 25 ga watan Oktoba 1973, yana da shekara 41.

Dutsen Aksum kuwa, Italiya ta mai da shi Habasha a 2005. Bayan Abebe, masu gudu na Habasha da Kenya sun yi ta cin maraton a manyan biranen duniya. A 2023 wani ɗan Kenya, Kelvin Kiptum, ya yi shi cikin awa 2 da sakan 35.

Maraton ba gudun yara ba ne, sai jiki ya gama girma. Amma yaron da ke son gudu yana iya farawa da zagaye filin makaranta da sanyin safiya, ya sha ruwa, ya kula da ƙaya da fasasshiyar kwalba, mako mai zuwa ya ƙara zagaye ɗaya.

Tambayoyi

1. Kilomita nawa ne tsawon maraton? Daga ina sunan ya fito?
2. Wane aiki Abebe yake yi a Adis Ababa?
3. Wane iri-irin horo ne malaminsa ya riƙa ba shi? Mene ne amfanin kowanne?
4. Don me ya yi gudun Roma ba takalmi?
5. Me ya sa dutsen Aksum yake da muhimmanci ga mutumin Habasha?
6. Lissafi: da minti nawa da sakan nawa lokacinsa na Tokiyo ya fi na Roma sauri?
7. Ku auna kewayen filin makarantarku. Zagaye nawa za ku yi kafin ku cika kilomita ɗaya?